Kafin Ka Canza Manifol ɗin Iska a Motarka Mai Turbo

Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin bonet ɗin motar da aka yi wa aiki, ya ga manifol na alminiyam yana sheƙi, walda a jere kamar ɗinkin hula, zai gane dalilin da ya sa samari ke tara kuɗi dominsa. Abu ne mai ɗaukar ido. Tambayar da ke biyo baya kullum ɗaya ce: in na ɗaura shi, motata za ta ƙara ƙarfi? Ga mafi yawan masu tambaya amsata ita ce a'a, ba yanzu ba. Motar da kake zuwa aiki da ita, ka shiga cunkoson Mararraba ko na Kurna da ita, ka hau titin Zariya ranar Asabar, da wuya a ce manifol ne ya shaƙe mata wuya. Akwai lokacin da canjin ke da amfani ƙwarai, kuma zan zo kansa. Amma sai an auna kafin a saya, don kayan nan da dala ake biyansu, ga kuɗin jirgi, ga na kwastan.

Abin da manifol ke yi

Iska tana shigowa ta filta, ta faɗa turbo ya matse ta. Matsin yana sa ta yi zafi, don haka ta bi ta intakula ta huce, sannan ta wuce ƙofar totur, wato murfin da ke buɗewa idan ka taka. Daga nan sai manifol. Kashi biyu gare shi: akwai tulu, babban cikin da iska ke taruwa, akwai kuma bututai da suka fita daga tulun, kowanne ya nufi silindarsa ta cikin kan inji, wanda makanikai ke kira tof.

Tsawon bututan nan ba a banza aka zaɓe shi ba. Iskar da ke cikin bututu tana da nauyi kuma a guje take. Duk lokacin da bawul, wato ƙofar da ke shigar da iska cikin silinda, ya buɗe ko ya rufe, wani kaɗawar matsi yana tafiya cikin bututun da saurin sauti, kimanin mita 340 a daƙiƙa, ya je bakin tulu ya dawo. In dawowarsa ta dace da lokacin da bawul ke shirin rufewa, sai ya ƙara cusa iska cikin silinda kyauta. Dogon bututu yana jinkirta dawowar, shi ya sa yake dacewa da inji a ƙaramin juyi. Gajeren bututu mai faɗi yana dacewa da inji idan allurar juyin inji ta haura sama. Turbo bai soke wannan ƙa'ida ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya sa iskar ta fi kauri.

Kamfanin da ya ƙera motarka ya zaɓi bututan da za su ba ka ƙarfi tsakanin juyi 1,500 zuwa 4,500 a minti, don nan ne mutane ke tuƙi. Mafi yawan manifol na kasuwa kuwa an ƙera su ne da babban tulu da gajerun bututai, don motocin tsere da ke zama sama da juyi 6,000. Ke nan abin da kake saye musaya ce: ka ba da na ƙasa, ka karɓi na sama.

Ga wani lissafi da nake so ka riƙe, domin shi ne tushen duk maganar. Inji mai lita 2.0 yana cika duk silindoginsa sau ɗaya a kowane juyi biyu. A juyi 6,000 a minti, yana zuƙar kimanin lita 6,000 ta iska a minti ɗaya. In ka ƙara matsin turbo daga rabin bar zuwa bar ɗaya da rabi (bar ma'aunin matsi ne), faɗin iskar da ke bin bututun bai canza sosai ba, kimanin lita 6,000 ɗin ce dai, kaurinta ne ya ƙaru. Abin da ke ƙara gudun iska a cikin bututu har ya yi mata kaɗan shi ne ƙarin juyi, ko ƙara girman inji, ko gyara tof da kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawuloli, su riƙa zuƙa fiye da da. Shi ya sa masu Mitsubishi Lancer Evolution da injinsu 4G63 suke wuce ƙarfin kamfani nesa ba kusa ba da manifol ɗin da motar ta zo da shi. Wanda ya ƙara matsi kawai bai taɓa abin da zai sa manifol ya gaza ba.

Mataki na farko: duba inda allurarka ke kwana

Kafin komai, yi mako guda kana lura da allurar juyin inji. Sau nawa ta wuce 5,500? In ka yi gaskiya, wataƙila sau biyu ko uku, lokacin wuce tirela. Ragowar lokacin tana tsakanin 1,500 da 3,500. In haka ne, manifol mai gajerun bututai zai rage maka ƙarfi a daidai inda kake rayuwa, turbo ya riƙa jinkirin tashi, ka taka daga danja motar ta yi nauyi kafin ta farka. Garin neman ƙiba a samo rama ke nan. Wanda abin da yake so shi ne motar ta zabura da zarar ya taɓa totur, ya tsaya nan, ya bar kaza cikin gashinta, ya karanta matakai biyu na gaba don su ne za su ba shi abin da yake nema.

Mataki na biyu: a tabbatar motar lafiyarta ƙalau

Yawancin motocin turbo da ke hannunmu 'yan Kwatano ne ko 'yan Amurka, sun yi shekaru a hannun wani kafin su iso. Da yawa daga waɗanda ke kukan mota ba ta ja, ba ƙarin kaya suke buƙata ba, ƙarfin da motar ta zo da shi ne ya zube a hanya.

Fara da awon matsin silinda. Bambanci tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Inji mai gajiyayyen zobe ba a ƙara masa kaya.

Sai gwajin yoyon iska, wanda a wurina ya fi kowane gwaji muhimmanci a motar turbo, kuma shi ne aka fi tsallakewa. A cire tiyon da ke shiga bakin turbo, a toshe da murfi mai bawul irin na taya, a hura iska a hankali. Fara da rabin bar, kuma kada a wuce matsin da motar ke yi da kanta. A buɗe murfin zuba baƙin mai, ko a toshe tiyon numfashin inji, don kada iskar ta cika cikin inji ta tura sil. Sannan a fesa ruwan omo a kan kowace mahaɗa: bakin intakula, kilif-kilif, gindin ƙofar totur, gaskit ɗin manifol. Inda kumfa ya tashi, nan ƙarfinka ke fita. A BMW 335i mai injin N54, wanda ya fito a 2006, bututun roba da ke kai iska ƙofar totur sananne ne wajen tsagewa idan ya tsufa ko aka ƙara matsi. Mai irin wannan mota da ya ji ta yi sanyi, can zai fara dubawa.

Filogi da koyil a duba su, a sa irin da littafin motar ya ce. Filtar iska kuma, a ƙasar da hunturu ke cika ko'ina da ƙura, kada a jira kilomitocin da aka rubuta don Jamus. A nan zan ɗan ratse: filtar nan mai siffar mazurari da ake ɗaurawa tsirara a cikin bonet, ƙara take bayarwa, amma iskar lagireto mai zafi take zuƙa. Akwatin kamfani da ke jawo iska daga waje ya fi ta sau da yawa.

Akwai kuma matsalar dattin kabon. Injinan da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, irin TSI na Volkswagen, N54 na BMW, da 1.6 THP na Peugeot, mai ba ya wanke bayan bawul ɗinsu kamar yadda yake yi a tsofaffin injina. Tururin baƙin mai yana daskarewa a wurin, shekara da shekaru, har hanyar ta tsuke. Wannan ita ce shaƙewa ta gaskiya, kuma tana bayan manifol ne, ba a cikinsa ba. Maganinta a cire manifol a wanke bawuloli, ko da na'urar da ke fesa niƙaƙƙen ɓawon goron Turawa, ko da hannu da haƙuri, silinda ɗaya bayan ɗaya, bawul a rufe don kada datti ya faɗa ciki. Mutane da yawa da suka rantse sabon manifol ya tayar musu da mota, wankin da aka yi a ranar ɗaurawa ne ya yi aikin.

Mataki na uku: bari motar ta faɗa maka da bakinta

Gani ya kori ji. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD2 a ƙarƙashin sitiyari, na Turai ma suka biyo baya. Da ƙaramar na'urar da ake sokawa a wurin da manhaja a waya ko kwamfuta, za ka iya naɗar abin da inji ke yi. Gwajin shi ne a sa giya ta uku, a taka totur har ƙasa daga juyi 2,000 zuwa kusa da jan layin da ke agogon juyi. Inda ya fi dacewa a yi shi ne kan daino, na'urar da ake ɗaure mota a kai a auna ƙarfinta. In babu, sai wuri killatacce wanda ba mutane ba dabbobi, kuma wani ne zai riƙe wayar, ba direba ba. Ba na goyon bayan a yi wannan a titin da jama'a ke bi.

Abu na farko da za ka duba shi ne zafin iskar da ke shiga inji. Ga dalili. A ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, zafin gari ya kai digiri 40. Turbo ya matse wannan iska zuwa bar ɗaya, sai ta fito da zafin da ya haura digiri 130. Aikin intakula ne ya sauke shi. Duk ƙarin digiri 10 yana rage kaurin iska da kusan kashi 3 cikin ɗari, amma wannan ƙaramar asara ce. Babbar ita ce iska mai zafi tana sa mai ya fashe da kansa kafin wutar filogi ta isa gare shi, abin da ake ji kamar ƙwanƙwasar tsakuwa a gwangwani. Ƙwaƙwalwar motar tana jin wannan ta na'urar saurarenta, sai ta jinkirta wutar filogi don ta ceci fistin, ƙarfi ya faɗi. Man da ake sayarwa a gidajen manmu ma'auninsa oktan 91 ne (oktan shi ne juriyar mai ga wannan fashewa da kansa), alhali yawancin motocin turbo na Turai 95 suke so ko sama. Zafi da mai, waɗannan biyun su ne ke riƙe da wuyan motar turbo a ƙasar nan, kuma manifol ba ya maganin ko ɗaya. In ka yi gwaji sau uku a jere ka ga zafin iska yana hawa yana wuce digiri 60, ƙwaƙwalwa tana ja da wuta baya, to ka sami inda kuɗinka zai tafi: intakula.

Na biyu, kwatanta matsin da ƙwaƙwalwa ta nema da wanda aka samu. In a saman juyi matsin yana faɗuwa alhali ƙofar sarrafa hayaƙin turbo a rufe take ruf, turbo ne ya kai iyakarsa. Ƙananan turbo na kamfani an yi su ne don su tashi da wuri, numfashinsu yana ƙarewa wajen juyi 5,500 zuwa 6,000. Ka lura da abin da wannan ke nufi: manifol na tsere yana fara amfani ne a daidai inda turbonka ya riga ya gaji.

Na uku, mai. Duba ko matsin mai yana faɗuwa a saman juyi, da ko nozul masu fesa mai sun kusa zama a buɗe koyaushe. Sama da kashi 85 cikin ɗari na lokacinsu, sun kusa iyaka. Haɗin iska da fetur da ke ƙonewa tas shi ne iska kashi 14.7 ga mai kashi 1, amma ƙarƙashin matsi ana ba inji mai fiye da haka, wajen iska kashi 11.5 zuwa 12 ga mai kashi 1 a injinan da ke fesawa a bakin bawul, don ya sanyaya. Duba kuma gyaran man da ƙwaƙwalwa ke yi idan mota tana tsaye a kunne. In ya haura kashi 10 cikin ɗari, akwai iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya.

In kana da agogon matsi guda biyu, sa ɗaya kafin intakula, ɗaya bayansa. Asarar psi 1 zuwa 2, ma'aunin matsi irin na awon iskar taya, ba laifi. Fiye da haka sosai, intakula ya yi kaɗan ko ya toshe. Haka za ka yi gaba da bayan ƙofar totur, a taka har ƙasa. In babu bambancin kirki, babbar ƙofa ba za ta ƙara maka komai ba.

Mataki na huɗu: layin da ake bi

A taƙaice: gyaran lafiya, intakula, saitin ƙwaƙwalwa a hannun wanda ya san man da kake sha, bututun hayaƙi na bayan turbo, famfon mai da nozul, kuloci ko na'urar sanyaya giya, taya da birki, sannan babban turbo, sannan kamshaf da gyaran tof. Manifol yana bayan duk waɗannan. Yawancin motocin titi ba sa ma kai wa rabin layin, kuma masu su suna jin daɗinsu.

Mataki na biyar: lokutan da amsar ta zama e

Na farko, in naka ya lalace. Injin EA888 na 2.0 TSI da ke cikin Golf GTI ta shida, Passat CC da Tiguan na wancan zamani yana da 'yan fuka-fukai a cikin bututan manifol da ke juya iska a ƙaramin juyi. Idan hannunsu ko na'urar da ke karanta matsayinsu ta sami matsala, sai wutar inji ta kama da lamba P2015. Wannan dalili ne na canji, amma abin da za ka saya shi ne irin na kamfani, sabon samfuri, ba na tsere ba. Wasu suna cire fuka-fukan gaba ɗaya, kamar yadda masu Subaru WRX ke cire nasu. Ana yi, sai dai dole a gyara saitin ƙwaƙwalwa, kuma ka shirya ganin motar tana ɗan rawa da safe kafin ta ɗumama.

Na biyu, in intakula a cikin manifol ɗin yake. Injin B58 na BMW, wanda ya fito a 2015 kuma shi ne a cikin Toyota GR Supra, da 1.4 TSI na zuriyar EA211, suna sanyaya iska da ruwa ne a cikin manifol kansa. A nan canza manifol daidai yake da canza intakula. Ko a nan ma, fara da ƙara girman ɗan lagireton gaba da ke sanyaya ruwan, ya fi araha kuma sau da yawa ya isa.

Na uku, in mai ne ya gaza. Injin da ke fesawa kai tsaye yana da iyakar abin da famfonsa mai babban matsi zai iya turawa. Masu N54 da suka kai can sukan ƙara layin nozul na biyu a bakin bawul, ko ta faranti da ake sawa tsakanin manifol da tof, ko ta manifol da ya zo da ramukan nozul. Wurin zaman nozul ake saye a nan, ba hanyar iska ba.

Na huɗu, tsari. Wanda ya sa wa Lexus GS300 ko IS300 turbo ya san injin 2JZ-GE manifol ɗinsa yana hayewa ta saman inji, ƙofar totur ta koma ɓangaren hayaƙi, daidai inda turbo zai zauna. Manifol mai fuskantar gaba yana gajarta bututan intakula, ya kuma sauƙaƙa kaiwa ga filogi. Wannan dalili ne mai ƙarfi ko da bai ƙara ƙarfin doki ɗaya ba.

Na biyar shi ne wanda aka ƙera kayan dominsa: babban turbo, kamshaf mai tsawon buɗi, tof da aka faɗaɗa, jan layi ya koma 7,500 ko 8,000, sai daino ya nuna ƙarfi yana kwanciya a sama alhali matsi yana nan daram, iska da sanyinta, mai wadatacce. In ka kai nan, manifol ne ya rage, kuma zai biya ka. Haka in matsin da kake yi ya kai inda ɗinkin manifol na roba ya fara buɗewa.

Mataki na shida: zaɓe

Ga motar titi, nemi wanda tsawon bututansa bai yi nisa da na kamfani ba. Tulu kada ya yi girman hauka. Masu ƙerawa sukan yi shi ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na girman inji, kuma ƙarshen ƙasa na wannan ya fi dacewa da kai, don babban tulu yana sa totur ya yi nauyin amsawa. Duba siffarsa: tulun kirki yana tsukewa a hankali daga ƙofar totur zuwa silindar ƙarshe. Wanda aka yi shi kamar gwangwani madaidaici, iska tana wucewa a guje ta taru a ƙarshe, silindogin baya su sami iska fiye da na gaba alhali mai ɗaya ake ba kowa. Na'urar iskar oksijin da ke salansa matsakaicin duka take karantawa, ba za ta gaya maka ɗaya tana ƙuna ba. Ranar da za ka sani ita ce ranar da fistin ya narke. Leƙa ciki kuma ka ga bakin kowane bututu, ya kamata ya zama a lanƙwashe kamar bakin algaita, ba kaifi ba.

Nemi shaidar daino ta inji irin naka da turbo irin naka, layin kafin da na bayan a takarda ɗaya. Kada ka kalli ƙololuwar lamba. Kalli inda layukan biyu suka gitta juna. In sun gitta a juyi 5,800, duk abin da ke ƙasa da nan asara ce gare ka.

Kada ka raina roba. Manifol na kamfani da nailan mai zaren gilashi ake yinsa, cikinsa sumul, ba nauyi, kuma kusan ba ya ɗaukar zafi. Alminiyam yana watsa zafi fiye da shi ninki ɗaruruwa. A cunkoso, zafin tof yana hawa jikinsa har ba ka iya taɓa shi. In za ka sa na ƙarfe, haɗa da gaskit mai kauri mai tare zafi.

Ƙirga ramuka kafin ka biya: wurin na'urar matsi da ta zafi, tiyon numfashin inji, tiyon tururin tanki, tiyon bawul ɗin sakin iska, da na tukunyar birki in motarka daga manifol take samun zuƙa. Tabbatar ƙofar totur ɗinka ta lantarki za ta zauna, bonet zai rufu, layin mai zai daidaita. Su kuwa kwaikwayo masu arha da ake gani a intanet, araha ba ta ado. Fuskar da ke haɗuwa da tof takan zo a karkace, walda siririya, tsakin ƙarfe a ciki. Haka batun a ba mai walda ya ƙera daga farantin alminiyam. Muna da gwanayen hannu a Panteka da Ƙofar Ruwa da Apo, amma rabon iska tsakanin silindogi ba da ido ake gane shi ba, sai da na'urar awo.

Mataki na bakwai: ɗaurawa

Ka riga ka naɗi bayanan motar kafin a taɓa komai, ajiye su. Inji ya huce sarai. Sauke matsin mai, sannan cire batir. A injin da ke fesawa kai tsaye matsin layin mai yana haura bar 100, ba wurin gaggawa ba ne. Ɗauki hoto ta kowace kusurwa, liƙa wa kowane tiyo da soket takarda mai suna. Hure ƙurar da ke kewaye da gindin manifol kafin ka kwance, kuma da zarar ya fita, toshe ramukan tof da tsumma mai tsafta, ka ƙirga su. Wanshar da ta faɗa rami ɗaya ta isa ta sa inji ya buga.

Wanke sabon manifol ciki da bai ko da a leda ya zo. Ɗora ƙarfe madaidaici a fuskarsa ka haska tocila ta baya. In haske na wucewa, a kai a goge fuskar kafin a ɗaura. Gwada shi ba gaskit ka ga ramukansa sun yi daidai da na tof. Gaskit sabo, zoben nozul sabo. In nozul na fesa kai tsaye ya fito tare da manifol, sil ɗin bakinsa ba a maimaita shi, kuma da kayan aiki na musamman ake sa sabo. Noti a ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, zagaye biyu ko uku, da sifana mai awon ƙarfi, bisa lambar da littafi ya bayar. Lambar takan yi ƙanƙanta fiye da yadda hannu ke zato, a wasu injina wajen Nm 10 kacal a ma'aunin ƙarfin ɗauri, kuma zaren da ke cikin tof na alminiyam ne. Ka ce wa Oga a gareji cikin ladabi a yi da awo, ba da ƙarfin damtse ba.

Kafin a tayar, maimaita gwajin ruwan omo. Kunna makulli sau biyu ko uku famfo ya cika layi, ka duba ka sunsuna ko akwai yoyon mai. A sa kwamfuta ta sake koya wa ƙofar totur matsayinta. Bayan an tayar, taka birki sau da yawa a tsaye. In ya yi tauri kamar dutse, tiyon tukunyar birki ko bawul ɗinsa mai hanya ɗaya bai zauna ba, kada motar ta motsa.

Mataki na takwas: saiti, da awo na biyu

Canza manifol ya canza yawan iskar da silinda ke cika da ita a kowane juyi. Motocin da ke auna iska da iyafulo, wato na'urar da ke ƙirga iskar da ke shigowa, irin WRX mai injin EJ, suna ɗan gyara kansu. Waɗanda ke lissafa ta daga matsi da zafi da juyi, irin N54, suna dogara da jadawalin da aka rubuta don tsohon manifol, don haka za su ba da mai fiye da kima a inda iska ta ragu, su ba da ƙasa da kima a sama inda ta ƙaru, wato a wuri mafi haɗari. Kada ka taka motar da ƙarfi sai an sake saiti. Kuɗin mai saiti ka sa shi cikin farashin manifol tun farko. In babu wanda zai yi maka shi, ko a gari ko ta intanet da bayanan da za ka naɗa ka tura, to aikin zai zama gyaran gangar Abzinawa.

Bayan saiti, maimaita gwajin giya ta uku a wuri ɗaya, da man gidan mai ɗaya, a lokaci ɗaya na yini. Gwajin asuba ba a kwatanta shi da na azahar. Auna lokacin da motar ke ɗauka daga juyi 2,000 zuwa 4,000, da kuma daga 4,000 zuwa jan layi, ka ajiye su kusa da na da. Bayan 'yan kwanaki cire filogi duka ka jera su yadda suke a inji. In ɗaya ya fi sauran fari, musamman na ƙarshe, silindarsa tana ƙarancin mai, a koma wurin mai saiti. Sake duba ɗaurin noti bayan inji ya yi zafi ya huce sau uku ko huɗu.

Tsohon manifol kuma kada ka sayar. Wanke shi, toshe ramukansa, sa shi a kwali tare da notinsa da tiyoyinsa da kwafin tsohon saitin ƙwaƙwalwa. Ka ba kanka wata guda kana tuƙin yau da kullum, da cunkoso da iyakwandishan a kunne. In lokacin da motar ke ɗauka daga juyi 2,000 zuwa 4,000 ya ƙaru kuma kana jin hakan a ƙafarka kowace safiya, aikin yini ɗaya ne a mayar da shi.